Idan Ƙafar Tirela Ta Karye: Yadda Za A Ɗaga Ta, A Tokare Ta Lafiya

Ɗan'uwa mai karatu, an rubuta wannan ɗan littafi domin direba, da yaron mota, da bakanike, da ɗan dako, da manomi mai amalanke. An rubuta shi kuma domin iyayensu da matansu, gama su ne suke jinya in abu ya faru. In ka iya karatu, ka karanta wa waɗanda ba su iya ba.

Kowa ya san mota mai gudu tana kisa. Amma a asibiti muna karɓar mutanen da mota ta ji wa rauni tana tsaye. Wani yatsunsa ne suka niƙe, wani ƙafarsa, wani kuwa ƙirjinsa aka danne. In ka tambaya, labarin kusan ɗaya ne. An ɗaga mota da jak, mutum ya shiga ƙarƙashi, jak ya zame.

Ga maganar da muke so ka riƙe: jak yana ɗagawa, katako ne yake riƙewa. Kada ka sa ko yatsa ɗaya a ƙarƙashin abin da jak kaɗai yake ɗauke da shi.

Ƙafafun tirela da aikinsu

Tirela kashi biyu ce. Akwai kai, inda injin da direba suke. Akwai bodi, inda ake zuba kaya. Bodin yana da tayoyi a baya kawai. Gabansa yana hawa a kan wani farantin ƙarfe da ke bayan kai, wani ƙaton ƙarfe mai kama da turke kuma ya shiga ramin farantin ya kulle.

In za a cire kai, sai a sauko da ƙafafu biyu na ƙarfe da ke ƙarƙashin gaban bodin. Ana sauko da su da hannun juyawa da ke gefe. Wani dogon ƙarfe ya haɗa ƙafafun biyu, domin su sauka tare, su hau tare. Da zarar kai ya fita, nauyin gaban tirela duka yana kan waɗannan ƙafafu.

Irin wannan ƙafa tana kuma jikin tirelar tarakta, da tankin ruwa da ake ja da mota, da babban janareta mai taya. Ita ma amalanke tana da tata, ko da sanda ce mai reshe biyu. Abin da za mu faɗa ya shafe su duka.

Me yake karya ƙafar?

Bari mu ɗauki Yawunde, babban birnin Kamaru, domin 'yan'uwanmu da yawa daga ƙauyuka suna zuwa can neman abinci a harkar mota da dako. Tirelolin da suke tashi daga tashar jiragen ruwa ta Duwala zuwa Njamena da Bangi suna bi ta birnin. Daga arewa kuma albasa da shanu da gyaɗa da wake suna saukowa daga wajen Marwa da Garwa da Ngaundere. Daga kasuwar Elig-Edzoa har zuwa unguwar Hausawa ta Briqueterie, ana lodi ana sauke kaya kowace rana, sau da yawa a gefen titi, inda babu daɓen siminti.

Yawunde gari ne na tuddai, har ana yi masa kirari da birnin tuddai bakwai. Da wuya ka sami fili shimfiɗaɗɗe. Ƙasarsa ja ce. Da rani tana da tauri kamar dutse, amma in ta sha ruwa sai ta yi laushi da santsi. Damina kuwa biyu ce a shekara, daga Maris zuwa Yuni, da kuma daga Satumba zuwa Nuwamba. Gangare da laushin ƙasa su ne manyan abokan gāban ƙafar tirela.

Ga abubuwan da suka fi karya ta:

1. An ajiye tirela da lodi a ƙasa mai laushi. Ƙafa ɗaya ta nutse, nauyi ya koma gefe guda.
2. An ajiye ta a gangare ba a sa waji ba. Ta gusa kaɗan, ƙafafun suka lanƙwashe.
3. Direba ya dawo da kai da ƙarfi, ya bugi bodin, ya tura shi baya.
4. An ja tirela ba a naɗe ƙafafun har sama ba, suka bugi tudun hanya.
5. Tsatsa ta ci ƙarfen, ko noti ya kwance, ko an yi walda marar kyau, ko an daɗe ba a sa giris ba.

Ka san nauyin da ke gabanka

Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu 20 tan 1 ke nan. Tirelar da ta ɗauki buhu 600 tana ɗauke da tan 30, ban da nauyin jikinta. Daga cikin wannan, kashi ɗaya cikin uku ko fiye yana kan gaba. Wato tan 10 ko fiye, daidai da buhu 200, suna kan ƙafafu biyu.

Jak ɗin ƙaramar mota yana ɗaga tan 1 ko 2. Ƙashin hannun mutum kuwa buhu kaɗan sun isa su karya shi. Saboda haka taron majiya ƙarfi ba za su iya tare tirela ba in ta taho. Ba ta kuma jiran mutum ya kauce. Kafin ka ji ƙara, ta riga ta iso ƙasa.

Kafin ka taɓa kome

Ka tsaya, ka duba, ka yi tunani. Sauri ya kan haifi nawa.

Ka kori jama'a. Yara da 'yan kallo da masu talla su ja baya, aƙalla tsawon tirelar kanta. Kada kowa ya tsaya ta gefen da ta karkata. In a bakin titi ne, a sa alama da ganye nesa, gaba da baya. In dare ne, a nemi fitila mai haske, ko a jira gari ya waye.

Ka duba abin da ta ɗauka. In tankin fetur ne, ko gas, ko wani mai kama wuta, wannan ba aikinka ba ne. Ka kashe taba da wuta, ka nisanta mutane, ka kira 'yan kwana-kwana. Mutanen Yawunde ba su manta da abin da ya faru a unguwar Nsam ran 14 ga Fabrairu 1998 ba. Tankunan mai na jirgin ƙasa suka fashe, jama'a suka taru suna ɗiba, wuta ta tashi, mutane fiye da 100 suka mutu.

Ka sa waji. Waji shi ne gungumen itacen nan mai gangare da ake cusa wa taya. Ka sa shi gaba da bayan tayoyin baya, hagu da dama. Kada ka dogara ga birki. Birkin tirela da iska yake aiki, kuma a tsofaffin tireloli, in an cire kai iskar ta tsiyaye, birkin yakan saki. Dutse mai zagaye ba waji ba ne, gama yakan mirgina.

Kada ka juya hannun ƙafar da ta lanƙwashe. Hannun yakan kufce ya juyo da ƙarfi, ya karya wuyan hannu, ko ya fasa haƙora da muƙamuƙi.

Ka yi tambaya biyu. Ta farko: kai zai iya komawa ƙarƙashin bodin? In zai iya, a dawo da shi a hankali a kulle. Babu tokarin da ya fi shi. Ta biyu: akwai motar ɗaga kaya, wato kiren, a kusa? In akwai, kuɗinta bai kai kuɗin jinyar mutum ɗaya ba.

Ka rage kaya. Tirela marar kaya ta fi sauƙin ɗagawa nesa ba kusa ba. Amma ka fara tokare ta tukuna, sa'an nan a hau. A fara saukewa daga gaba, daga sama, ta gefen da ya fi tsawo. In aka kwashe na can baya tukuna, nauyin gaba ƙaruwa yake yi. A kula da buhunan da suka zame, domin suna iya rikitowa sa'ad da aka kwance igiya. In dabbobi ne a ciki, dole a sauke su, gama motsinsu yana kaɗa bodin. In tankin ruwa ne, a zubar da ruwan.

In ka duba ka ga ba ka da kayan aikin da za mu lissafta, ka bari. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Kayan aikin da kake bukata

Jak. A garejin Yawunde za ka ji ana ce masa kirik. Ka nemi jak mai mai, irin na manyan motoci. An rubuta ƙarfinsa a jikinsa: tan 10, ko 20, ko fiye. Ka zaɓi wanda ƙarfinsa ya wuce nauyin da za ka ɗaga. Biyu sun fi ɗaya. In yana yoyon mai, ko yana sauka da kansa, ka ajiye shi.

Katako mai kauri. Mai kusurwa huɗu, kaurinsa kamar santimita 15, tsawonsa kamar mita 1. Ka tara da yawa, gama koyaushe yakan ci fiye da yadda aka zata. Ya zama lafiyayye. Kada ka ɗauki wanda gara ta ci, ko ruɓaɓɓe, ko mai tsaga, ko wanda ya sha baƙin mai yana santsi.

Faffaɗan katako ko farantin ƙarfe mai kauri, domin shimfiɗawa a ƙarƙashin jak.

Ƙananan waji na katako, domin cike ɗan ratar da ya rage.

Doguwar sanda, domin tura katako.

Takalmi mai rufe ƙafa. Silifa ba ya tsare yatsu.

Ga abubuwan da ba za ka taɓa tokare mota da su ba: bulon siminti, da jan bulo, da dutse a kan dutse, da gangar ƙarfe, da tsohuwar taya, da kututture a tsaye. Sunan unguwar Briqueterie ma'anarsa wurin yin tubali, kuma tubali da bulo suna da kyau a jikin bango. Amma in nauyi ya taru a wuri guda a kansu, sukan farfashe nan take, ba gargaɗi. Katako kuwa yakan yi kuka, ya yi ƙara, kafin ya gaza. Wannan kukan shi ne yake ba mutum damar gudu.

Yadda ake jera katako

Masu aikin ceto a ƙasashe da yawa iri ɗaya suke jera shi. Ka san yadda ake jera itace a gicciye domin ya bushe. Haka za ka yi.

1. Ka share ƙasa ta yi daidai. In tana da laushi, ka shimfiɗa katako a jere manne da juna, su zama daɓe.
2. Ka kwantar da katako biyu ko uku gefe da gefe, da rata a tsakani.
3. Ka ɗora wasu biyu ko uku a kansu a gicciye.
4. Ka ci gaba haka, hawa a kan hawa. Mahaɗar kowane hawa ta zauna daidai a kan mahaɗar na ƙasa, domin nauyi ya bi ta nan ya sauka ƙasa.
5. Ka bar bakin kowane katako ya leƙo waje kamar faɗin tafin hannu.
6. Tsayin jerin kada ya wuce tsawon katakon sau biyu. Dogon jeri mai siririn gindi yakan kife.

Uku a hawa sun fi biyu ƙarfi ƙwarai. Katako a kwance ake sa shi, ba a tsaye ba.

Yadda ake ɗagawa

Mutum ɗaya ne zai ba da umarni. Sauran su yi shiru su saurara. A sa wani ya tsaya nesa kaɗan, aikinsa kallo kawai. In ya ga motsi, ko ya ji ƙara, ya ce "Tsaya!" Kowa ya ji wannan kalma ya saki abin da ke hannunsa ya ja baya. Kafin a fara, kowa ya san ta inda zai gudu, a kuma kawar da kaya daga hanyar.

1. Ka fara tokare ta a inda take. Kafin jak ya taɓa ta, ka jera katako a ƙarƙashin gefen da ya karye har ya taɓa ƙarfe, domin kada ta ƙara sauka.

2. Ka nemi wurin sa jak. Ka duba ƙarƙashin bodin daga gefe, za ka ga manyan ƙarafa biyu da suka tashi daga gaba har baya. Su ne shasi. A nan ake sa jak, a nan kuma ake tokarewa. Kada ka sa shi a jikin ƙafar da ta lalace, ko a katakon daɓen bodi, ko a siririn ƙarfen gefe.

3. Ka yi jerin katakon kusa da inda ƙafafun suke. In ka yi shi can gaba, zai tare wa kai hanya sa'ad da za a dawo da shi.

4. Ka zaunar da jak a kan faffaɗan katako, ya tsaya cak. Ka sa guntun katako mai tauri tsakanin kan jak da shasi, gama ƙarfe a kan ƙarfe yana zamewa.

5. Ka ɗaga kaɗan, kamar faɗin yatsu biyu ko uku. Ka tsaya. Ka cike ratar da katako ko waji. Ka sāke ɗagawa kaɗan, ka sāke cikewa. Ɗaga kaɗan, tokare kaɗan. Ta haka, ko jak ya gaza, tirelar ba ta da nisan faɗuwa.

6. Sa'ad da kake sa katako, ka riƙe shi ta gefe, ko ka tura shi da sanda. Kada yatsunka su hau samansa. Ka tsuguna a kan ƙafafunka, kada ka zauna, kada ka kwanta, domin ka iya tashi da sauri. Kanka da kafaɗarka su zauna a waje.

7. Jak mai mai ba ya miƙewa da nisa. In ya kai ƙarshensa, ka sassauta shi a hankali har nauyi ya zauna a kan jerin katako. Ka cire jak, ka ƙara masa daɓen katako a ƙasa, ka sāke farawa. Kada ka ɗora jak a kan jak.

8. In gefe biyu ake ɗagawa, a yi su bi da bi, kaɗan nan, kaɗan can. Kada gefe ɗaya ya wuce ɗaya da yawa.

9. Bayan kowace ɗagawa ka duba jak. Yayin da gaban tirela yake hawa, jak yakan soma karkata. In ya karkata, ka sauke nauyin a kan katako, ka gyara masa zama. Ka duba waji na tayoyi kuma.

10. In ta kai tsayin da kake so, ka sauke ta a kan jerin katako biyu, hagu da dama. Ka jira ɗan lokaci. Ka saurara, ka duba ko ƙasa tana nutsewa. Sai ka tabbata nauyin duka yana kan katako kafin wani ya miƙa hannu.

In an dawo da kai an kulle, a bar katakon a wurinsa har a gama gyara. Kada a yi wa ƙafa walda ko a kwance notinta tana ɗauke da nauyi. In za a kwana, ko an yi ruwan sama, a sāke duba kome da safe. Kada kowa ya kwanta ko ya sha inuwa a ƙarƙashin tirelar da aka tokare.

Saukewa ma haka take. Ɗaga kaɗan, zare katako ɗaya da sanda, sauke kaɗan. Mutane sukan saki jiki a ƙarshen aiki, a nan ne kuwa yatsu suke tafiya.

Amalanke da tirelar tarakta a ƙauye

Kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Amalanken da aka cika da buhu 10 na masara, kowane kilo 100, tana ɗauke da tan 1. Wannan ya isa ya kashe yaro, ya kuma karya ƙafar babba.

Kafin ka kwance shanu ko jaki, ka sa wa tayoyin waji. Ka tokare gaba, ka tokare baya kuma, gama amalanke mai taya biyu tana iya faɗuwa ta kowane gefe. In ka sauke kaya daga gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen zai rinjaya, sandar ja ta tashi sama ta bugi haɓar wanda ke kusa. In taya ta fashe ko sandar tokari ta karye, ka sauke buhunan tukuna. Kada mutane su ɗaga ta da hannu wani ya shiga ƙarƙashi. Hannu yana gajiya, ƙafa tana zamewa.

In za ka ɗaga abu mai nauyi, ka lanƙwasa gwiwa, bayanka ya miƙe, kayan ya matso jikinka. Wannan yana rage ciwon baya.

Uwa, ki hana yara wasa a ƙarƙashin amalanke. Inuwarta tana jan su, su kuwa sukan ja sandar tokari da wasa.

Idan ta danne mutum

Ka natsu. Kada mai ceto ya zama na biyu da za a ɗauka.

Ka aiki mutum ɗaya, ka kira sunansa, ya nemo taimako. A Kamaru lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, ta taimakon likita na gaggawa kuma 119. A Yawunde akwai cibiyar gaggawa da ake kira CURY, kusa da Babban Asibiti, wadda aka buɗe a 2015. A ƙauye, a nemo mota da ma'aikacin lafiya mafi kusa.

Ka cusa katako nan da nan domin kada nauyin ya ƙara sauka. Sa'an nan ka ɗaga, kana tokarewa kamar yadda muka koya, sai dai da hanzari. Ka ɗaga daidai yadda za a iya zare mutumin. Kada a fizge shi tun nauyin yana kansa.

In ƙirji ko ciki ko wuya aka danne, kowane minti yana da tsada, gama ba ya iya numfashi. Kada a jira kowa. In hannu ko ƙafa ne kuma ya daɗe a danne, kamar awa ɗaya ko fiye, a yi ƙoƙari ma'aikacin lafiya ya zo ya sa masa ƙarin ruwa tun ana aikin ɗagawa. Za mu faɗi dalili a gaba.

Bayan an fitar da shi:

1. Ka duba ko yana numfashi. In ya suma amma yana numfashi, a juya shi a gefensa, kai da wuya da baya su juya tare kamar gungume ɗaya.
2. In jini yana zuba, ka danne wurin da tsabtataccen ƙyalle da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In ya jiƙe, ka ƙara wani a kai. In jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa ya ƙi tsayawa, ka ɗaure sama da raunin da faffaɗan ƙyalle tam, ka riƙe lokacin da ka ɗaure, a tafi asibiti nan take.
3. In yana kukan wuya ko baya, ko ba ya jin ƙafafunsa, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur. Mutum huɗu su ɗauke shi a miƙe a kan ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako.
4. In ƙugu ne aka danne, a ɗaure ƙugun da zane, daidai inda cinya ta haɗu da ƙugu, a kuma haɗa gwiwoyinsa a ɗaure. Karayar ƙugu tana zubar da jini mai yawa a ciki, inda ido ba ya gani.
5. In ƙashi ya karye, a ɗaura masa sanda ko katako a yadda yake. Kada a ja, kada a mayar da ƙashin da ya fito.
6. In yatsa ya guntule, a naɗe shi a tsabtataccen ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwan sanyi. Kada ƙanƙara ta taɓa naman. A tafi da shi tare da mai raunin.
7. Kada a zuba wa rauni baƙin mai, ko ruwan batir, ko fetur, ko toka, ko kashin shanu, ko garin magani.
8. Kada a ba shi abinci, domin watakila a yi masa aiki. In asibiti yana da nisan awoyi, yana cikin hankalinsa, cikinsa kuma bai ji rauni ba, a ba shi ruwa mai tsabta kaɗan kaɗan.
9. A rufe shi da mayafi, a riƙa yi masa magana.

Ciwon da yake ɓuya

Wani lokaci akan fitar da mutum, ya tashi, ya ce lafiyarsa lau. Fata ba ta tsage ba, ƙashi bai karye ba. Kada wannan ya ruɗe ka.

Naman jikin da aka danne ya daɗe yakan mutu a ciki. Sa'ad da aka ɗauke nauyin, jini ya koma wurin ya kwaso dattin mataccen naman. Wani sashen dattin yana rikita bugun zuciya, har ta iya tsayawa. Wani sashen yana toshe ƙoda. Wani likita a Landan mai suna Eric Bywaters ya bayyana wannan ciwo a 1941, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura mutanen da aka tono daga gidajen da bom ya rushe suna fitowa da rai, amma bayan 'yan kwanaki ƙodarsu ta daina aiki. Babban maganin abin shi ne ƙarin ruwa da wuri, domin a wanke ƙodar. Shi ya sa muka ce a kira ma'aikacin lafiya tun mutum yana danne.

Akwai kuma kumburi. In hannu ko ƙafa ta kumbura ƙwarai a ciki, kumburin yakan matse jijiyoyin jini. In ba a yi aiki an sassauta cikin 'yan awoyi ba, gaɓar tana iya mutuwa, har a yanke ta.

Ka kawo mutum asibiti ko da tsakar dare in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Fitsari ya yi ja ko baƙi kamar shayi, ko ya ragu, ko ya tsaya.
- Hannu ko ƙafa ta kumbura ta yi tauri, ciwon kuma yana ƙaruwa, magani ba ya kwantar da shi.
- Yatsu sun yi sanyi, ko sun mutu ba ya jin taɓawa.
- Ciki yana ciwo ko yana kumbura.
- Numfashi yana wuya, ko yana tarin jini.
- Jiri, da gumi mai sanyi, da ruɗewa.

Duk wanda nauyi ya danne, a kawo shi a duba shi a ranar, ko da yana tafiya da ƙafarsa. Kada a fara kai shi wurin mai ɗori. Ɗauri mai tsanani a kan gaɓar da take kumbura yana ƙara tsayar da jini. In fata ta tsage, a tambayi allurar rigakafin tetanus, wato ciwon sandarewar jiki, gama ƙwayarsa tana cikin ƙasa da kashin dabbobi.

Ga mai mota da maigidan gareji

Yaron da yake shiga ƙarƙashin motarka amana ne a hannunka. Iyayensa sun ba ka shi ya koyi sana'a. Yaro ba ya iya ce wa maigidansa a'a, saboda haka kai ne za ka hana shi. Ka sayi jak mai kyau. Ka ajiye katako da waji a kowace mota. Ka sa wa ƙafafun giris, ka duba noti da walda kafin tafiya. In za a cire kai, a nemi ƙasa mai tauri da ta yi daidai, a shimfiɗa faffaɗan katako a ƙarƙashin kowace ƙafa. Rigakafi ya fi magani.

Abin da za ka tuna

1. Kori jama'a, sa waji, rage kaya.
2. Tokare kafin ka ɗaga.
3. Katako a gicciye. Ban da bulo, ban da dutse.
4. Ɗaga kaɗan, tokare kaɗan.
5. Kada ka shiga ƙarƙashin abin da jak kaɗai yake riƙe da shi.
6. Wanda nauyi ya danne, a kai shi asibiti a ranar.

In kun taru, ku ɗauki 'yan sanduna ku gwada jera su a gicciye, kowa ya yi da hannunsa, har yara. Ku kuma tambayi juna: in abu ya faru a garinmu yau, wa yake da jak, wa yake da katako, motar wa za ta kai mutum asibiti? Ku san amsar tun yanzu.

Allah ya kiyaye hanya, ya mai da kowa gida lafiya.